Wa ya kamata a ɗauka ya kula da OpenMRS a asibiti?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Asibiti ne mai gado 40, an girka masa OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya, a saba ɗaya (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan), kwamfutoci 12 na haɗe da ita. Kwangilar waɗanda suka girka ta ƙare, ana son ɗaukar mutum ɗaya ya riƙa kula da manhajar. Takardun neman aiki sun taru, kowa da digirinsa na kimiyyar kwamfuta. Me za a duba?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye takardun tukuna, a gwada hannu. A ba kowa kwamfuta mai tsarin aiki na Ubuntu da kwafin bayanan da aka ciro da mysqldump (umarnin kwafe rumbun bayanai), na gwaji ba na marasa lafiya ba, a ce ya mayar da shi cikin MySQL (rumbun bayanan) ya tayar da OpenMRS a kan Tomcat (manhajar da ke gudanar da ita a saba) cikin awa biyu. In ya gama, a kashe MySQL ba da saninsa ba, a ce masa shafin ya ƙi buɗewa. Wanda ya san aiki zai buɗe catalina.out, fayil ɗin da Tomcat ke rubuta abin da ya faru a ciki, ya karanta, ya duba ko faifai ya cika ko Java, wadda OpenMRS ke gudana a kanta, ta rasa wurin aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mai kashe inji ya kunna, ya zauna yana jira, a sallame shi.

Uwar Rakod: Gaskiya ne Injiniya, amma yawancin kiran da zai samu daga nas-nas ne da ma'aikatan kati: an manta kalmar sirri, ko an yi wa mara lafiya ɗaya rajista sau biyu. Ku tambaye shi yadda zai gyara na biyun. In ya ce zai shiga rumbun bayanai ya goge layi ɗaya, kada ku ɗauke shi. Manhajar tana da wurin haɗe rajista biyu, kuma ba ta goge bayani, soke shi take yi ya zauna da dalilinsa. Gogewa da hannu na iya barin sakamakon gwaji ba mai shi. Kuma ya iya bayani da Hausa ba tare da faɗa ba.

Malam Saba: Mutum ɗaya haɗari ne, ranar da ya kwanta ciwo fa? A rubuta cikin takardar ɗaukarsa: kwafin bayanai kowane dare a wani faifai daban, gwada mayar da shi sau ɗaya a wata, duba batirin UPS (na'urar da ke riƙe saba a kunne) saboda ɗauke wuta, da koya wa mutum na biyu. Kalmar sirrin saba ta zauna a ambulan rufe wurin shugaban asibiti. Ya kuma sa hannu kan riƙe sirri, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Gwajin wata uku kafin a tabbatar da shi.