Neman shawara: na sayi keke ta intanet, mai shagon unguwarmu ya ƙi taɓa shi

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sake min wannan, abin ya tsaya min a rai.

Shekarata 7 a Jamus, muna wani ƙaramin gari kusa da Bremen, ni da maiɗakina da yara biyu. Aikin sito nake yi, shigar asuba, ƙarfe 5:30 dole katina ya shiga. Da ina da wata tsohuwar mota, to bara da aka kai ta gwajin lafiya na duk shekara biyu, aka lissafo min gyaran da ya fi kuɗinta, na rabu da ita. Kuɗin ma ban mora ba, rufin ɗakin Hajiyarmu ya zube da damina, ga bikin ƙanwata ya matso, na tattara na tura gida. Kun dai san yadda abin yake, wanda ke waje gani ake kamar shara yake yi yana kwasar Yuro. Bas ta farko daga garinmu sai 5:40. Wata uku wani abokin aikina ɗan Poland yana biyowa yana ɗaukata, har na fara jin nauyinsa, ranar da yake hutu kuwa sai dai tasi.

Shi ne na yanke shawarar sayen keke mai batir, tunda tafiyar kilomita 13 ce. A shagon unguwarmu Yuro 3,200. A intanet na samu kusan irinsa wurin kamfanin da ke sayarwa kai tsaye ba dillali, 2,100 har da kawowa. Ya zo a kwali, wata biyar ina hawa lafiya lau. Yanzu birkin gaba in na matse sai hannun ya tafi har ya taɓa kan keken, giya kuma tana ta tsalle.

Na tura shi shagon unguwarmu. Dattijon da ke da shagon ko taɓawa bai yi ba, ya leƙa sunan da ke jiki ya ce inda na saya can zan kai. Shago na biyu, a garin da ke gaba da mu, suka ce sai bayan sati 7, kuma kuɗin aikin ya fi na wanda ya saya a wurinsu.

Wai doka ta yarda da wannan? Ko wariya ce kawai? Ni fa ba kyauta na roƙa ba. Yau kwana huɗu da birkin baya kaɗai nake zuwa aiki.

Ummu Sudais: Wa alaikumussalam. Wariya ce tsagwaronta, kada ka yi shakka. Ni nan mai gyaran injin wanki sai da ya sa ni jiran sati uku, maƙwabciyata Baturiya ta kira shi ya zo washegari. Ka shiga Google ka ba shagon tauraro ɗaya, ka rubuta abin da ya yi maka.

Garba Hamburg: Ƙanena, ajiye maganar wariya tukuna. Shekara 11 na yi ina riƙe sifana a shagon keke a garin nan kafin bayana ya hana ni. Na ga an kori likita Bajamushe da irin kekenka, yana ta huci kamar kububuwa. Sunan da ke jikin keken aka duba, ba fuskarka ba.

Bari in gaya maka yadda shago ke rayuwa. Ribar mai shago tana kan sabon keken da ya sayar da kayan da ya ɗora a kai. Ɗakin gyara da kyar yake ciyar da kansa: haya, albashin makanike, inshora, kayan aiki. Wannan 1,100 da ka rage, a ciki akwai kuɗin wanda zai haɗa keken, ya saita giya, ya duba birki, ya ce ka dawo bayan 'yan makonni a sake ɗaure abin da ya saki. Ka cire wannan kason daga ciniki, yanzu kuma shi kake nema. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan kai ka je a watan da ba a zuwa. Daga Maris har ƙarshen bazara kowa ya fito da kekensa daga ɗakin ƙasa, ƙugiyoyin shago cike suke. Makanike biyu, keke hamsin na jira. Wa zai fara yi wa, wanda ya saya a hannunsa ko kai?

Tambaya ɗaya: wa ya haɗa maka keken da ya fito daga kwali?

Abban Hanifa: Yaya Garba, ni na haɗa, amma ba wani abu ba ne. Tayar gaba ce da kan keke da feda. Akwai bidiyonsu a YouTube, na bi shi daki-daki.

Garba Hamburg: Da sifana mai awo ka ɗaure, ko da ƙarfin tuwo? Notocin kan keke yawanci an rubuta 5 Nm ko 6 a jikinsu, wato awon ƙarfin da za a ɗaure su da shi. In ka zarce ka ci zaren, in ka gaza wata rana kan ya juya maka a gangara. To ka ga abin da dattijon ke tsoro. Duk wanda ya taɓa birki a ƙarshe, shi ke da laifi in aka faɗi. Bai san abin da ka ɗaure ba, bai san abin da aka yi a masana'anta ba, ya sa hannu kuma inshorarsa ce a ciki.

Malam Ado Mai Faci: Ikon Allah. Ni dai daga Kano nake bin ku. Shekara 30 ina gyaran keke a gindin darbejiya, Raleigh, Phoenix, Hero, ɗan kwatano, ban taɓa tambayar mutum inda ya saya ba. Wanda ya yanko shadda a Kantin Kwari ya kai wa tela, tela zai ce ba a wurina ka sayi yadi ba? Ai ɗinki ake biya. Amma fa ni ma ina da ciwona. Yaro zai je ya sayo kaca ta jabu don araha, in ɗaura masa, kwana uku ta tsinke, ya dawo da ubansa wai na ɓata keke. Jiya-jiyan nan aka yi, kuma har yanzu ɗari biyar ɗina na aiki tana hannunsu.

Abban Hanifa: Allah ya saka da alheri Baba Ado, abin da nake faɗi ke nan. Aiki ake biya.

Garba Hamburg: Malam Ado, Allah ya ƙara girma, amma tela ba ya ajiye yadin miliyoyi a shagonsa yana jiran mai saye. Kuma ƙarshen maganarka ai ni ta goya wa baya.

Nura Aachen: Abban Hanifa, ta fuskar doka: a nan ɗan kasuwa yana da 'yancin zaɓen aikin da zai karɓa. Abin da dokar hana wariya ta 2006 ta haramta shi ne a ƙi ka saboda launi ko asali, kuma da bakinsa ya ce maka saboda keken ne. Haƙƙinka yana kan wanda ya sayar maka. Kwana 14 na mayar da kayan intanet sun wuce, amma akwai alhakin shekara 2 a kan mai sayarwa in kaya na da aibi, kuma tun 2022, abin da ya bayyana cikin wata 12 na farko ana ɗauka da shi kayan suka zo, sai in shi ya tabbatar da akasin haka. Abin da ke cinyewa da amfani, kamar takalmin birki da kaca, ba ya ciki. Ka rubuta musu, ka haɗa da bidiyo. Ka tambaye su ko suna da shagon da suka ƙulla yarjejeniya da shi kusa da kai, manyan kamfanonin suna da irin wannan jerin.

Abban Hanifa: Na rubuta tun makon jiya. Sun ce ko in kai kowane shago in turo musu rasit, ko in mayar da shi a kwalinsa. Kwalin kuwa Maman Hanifa ta yanka ta kai shara tun tuni, wai ya cika mata baranda.

Hajiya Binta: To ina laifinta? Kwali kamar ƙofar gida, wata biyar a baranda? Ku maza haka kuke. Namu ya sayo injin motsa jiki ta intanet tun lokacin korona, yau shanyar tawul ake yi a kai, in na yi magana a ce ban san darajar kaya ba.

Sani Ɗan Maraɗi: Ni ban yarda da Yaya Garba ba gaba ɗaya. Kekena Canyon ne, shekara 4, daga Koblenz aka aiko min shi a kwali, kuma shagon da ke layinmu a Köln suna karɓa ba gardama, in biya su yi. Mai shagon ya ce min kuɗin aiki kuɗi ne. Kai shi kansa wanda ya kafa kamfanin Canyon ɗin, Roman Arnold, ai da shagon keke ya fara a 1985. Yanzu har zakarun duniya irin su Mathieu van der Poel keken suke hawa. Zamani ya juya, mai shagon da ya tsaya fushi da intanet shi zai rufe. Bayan rububin saye na 2020 kekuna sun yi kwantai a shaguna, gyara ne ke kawo kuɗi kullum.

Garba Hamburg: Sani, naka ba batir. Kuma Köln shago nawa ne? Shi yana garin da shago ɗaya ne tal. Keke mai inji wata duniya ce. In injin Bosch ne ko Shimano, shagon da ke da rajista da su zai jona kwamfuta ya ga ciwon. In wani inji ne da ba wanda ya san shi, ba manhaja, ba kayan gyara, keken ya kwana wata biyu a ƙugiya yana cin wuri, mai shi yana bugo waya kullum. Ko ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jiki, kusan kowane kamfani da irin nasa, sai an yi oda. Ina kyautata zaton shi ne ya lanƙwashe maka, shi ya sa take tsalle. Birkin kuma na mai ne, ko iska ta shiga ko yana yoyo. Kada ka kuskura ka zuba masa kowane mai. Na Shimano man ma'adini yake sha, na SRAM da dama kuma DOT irin na mota, in ka cakuɗa robobin ciki sun tashi aiki. Wane inji ne a naka?

Abban Hanifa: Ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, amma injin lafiyarsa ƙalau, sau biyu kawai ya nuna wata lamba ya ɗauke, na kashe na kunna ya dawo. Ni birki kawai nake so a duba.

Nura Aachen: Akwai wuraren gyara-da-kanka a Bremen, kayan aiki nasu, masu sa kai su nuna maka, ka saka abin da ya sauwaƙa a asusu. Tambayi ofishin ADFC, ƙungiyar masu keke, ai a Bremen ɗin aka kafa ta a 1979. Akwai kuma masu gyara da ke zuwa gida da mota.

Garba Hamburg: Birkin gaba na keke mai nauyin kilo 25, mai gudun kilomita 25 a awa, a hannun ɗan koyo? Nura, karatu daban, sifana daban. Abban Hanifa, wani abu bai zauna min ba. Ka ce dattijon ko taɓawa bai yi ba. Ya san ka ne?

Abban Hanifa: Eh to, mun taɓa haɗuwa. Kafin in saya na je wurinsa sau biyu, ya auna tsayina, ya ba ni guda biyu na zaga unguwa da su don in san girman da ya dace da ni. Amma ban yi masa alkawarin zan saya ba. Kowa ai yana taya kaya ya wuce.

Garba Hamburg: Yauwa! Da walakin, goro a miya. Ka ci awa biyu na mutum, ka ɗauki awonsa ka kai wa intanet, ka dawo masa da kwali ya gyara. Wallahi ni ne da ko ƙofa ba za ka shigo ba.

Ummu Sudais: Duk da haka ni dai na ce da Bature ne da ya karɓa.

Malam Ado Mai Faci: A'a Abban Hanifa, wannan kam ko a Kwari ka sa aka sauke maka bandir goma ka tafi, gobe ba za ka ga fara'a ba. Ka je ka ba shi haƙuri, ka riƙa masa ɗan wani abu. Dattijo ba ya ƙin ban-haƙuri.

Sani Ɗan Maraɗi: Haƙurin me? Laifi ya yi? Ka sa keken a jirgin ƙasa ranar Asabar ka shiga Bremen, shaguna sun fi a ƙirga, wani zai karɓa. Ka kai musu rasit su biya.

Abban Hanifa: Ku fahimce ni, 1,100 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali. Da a ce ya rage min ko 400 ne da a wurinsa zan saya, na tambaya ya ce farashi ɗaya ne. Ban ga abin ba da haƙuri ba a nan. Asabar kuma ina aiki har wata ya ƙare. Ni da na samu wanda zai faɗa min wane mai zan saya, da na gwada da kaina, na ga bidiyon bai fi minti 12 ba.

Garba Hamburg: Na ce kada ka taɓa. Karɓi layin sati 7 ɗin nan tun bai zama 10 ba, ka koma wa ɗan Poland ɗinka kafin nan, ka riƙa zuba masa mai. Kuma ka daina hawa da birki ɗaya cikin duhun asuba, kana da 'ya'ya.

Hajiya Binta: Maman Hanifa ta san da birki ɗaya kake fita?

Abban Hanifa: Hajiya a bar wannan maganar don Allah. Hanyar ba gangara, kuma a hankali nake tafiya. Yaya Garba, na duba jikin hannun birkin da fitilar waya, ba Shimano aka rubuta ba, ba SRAM ba, wani suna ne daban. In na turo hoto za ka gane irin man?

Sani Ɗan Maraɗi: Af, wai akwai wanda ya san inda ake samun kwalin keke kyauta? Ƙanena zai tura nasa Yamai.