Zauren 'Yan Kasuwar Zazzau: ɗanyen attaruhu da doya zuwa Ingila ta ruwa

Hajiya Mai Kayan Miya (Tudun Wada): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanin maigidana yana da shagon kayan abinci a Ingila, ya matsa mini in riƙa tura masa ɗanyen attaruhu da doya da citta, har da tarwaɗa in da hali. Wai jirgin sama ya yi tsada, in binciko na ruwa. Ni kuwa iyakata Legas, can ɗin ma a mota nake ɗora kaya. Wa ya taɓa yi ya ba ni haske?

Ɗan Apapa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kayan nawa ne?

Hajiya Mai Kayan Miya: Attaruhu kamar buhu 30, citta buhu 10, doya ƙwarya biyu.

Ɗan Apapa: To ai ko rubu'in kwantena ba ki kai ba. Kwantena mai sanyi, wadda muke ce wa rifa a nan, yawanci mai ƙafa 40 ce, tana cin fiye da tan 20. Busasshen kaya ana haɗa na mutum goma a kwantena ɗaya kowa ya biya nasa, amma rifa da wuya ki samu mai raba ta da ke. Ko kin cika ko ba ki cika ba, kuɗin duka za ki biya.

Malamin Samaru: Ko da ta cika ma, Hajiya, waɗannan kayan ba sa kwana ɗaki ɗaya. Rifa lamba ɗaya ake saita mata daga tashi har sauka. Daskararren kifi sai digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi. Attaruhu tsakanin 7 da 10 yake so. Citta wajen 13. Doya kuwa in sanyi ya yi ƙasa da 12 cikinta yake ɓaci, ki fere ta ki tarar ta canza launi ta yi ruwa-ruwa, alhali bayanta lafiya lau. Sannan ɗanyen kaya numfashi yake, dole a buɗe masa kafar iska, shi kuma kifi rufe kafar ake ruf.

Alhaji Mai Kifi (Sabon Gari): Malam ya yi gaskiya, amma bari in faɗa muku inda gizo ke saƙa. Ni shekaruna da yawa ina ɗauko kifin ƙanƙara daga Legas, titus da shawa da kote. Kifin nan daga su Nowe da Holan da Muritaniya yake tahowa, ya yi makonni a kan teku, ya sauka garau, domin a jirgi kwantenar a jone take da wuta kuma akwai masu duba ta. Ban taɓa asara a ruwa ba. A tudu na yi ta.

Wata shekara da bazara aka kawo mini mota ɗaya. Muna buɗe ƙofa na ga kwalayen bakin ƙofa sun yi laushi sun lotsa, a ƙasa kuma ga ruwa ja-ja da ya gangaro ya sake daskarewa. Na farke kwali ɗaya, kifin ya manne da juna ya zama dunƙule guda, idanunsa sun faɗa ciki. Allon jikin motar kuwa yana nuna sanyi daidai, don an sake kunna injin kafin a shigo gari. Ashe an kashe janareto a hanya dare biyu. Matan da ke suya a bakin kasuwa ba a yi musu wayo, ɗaya ta ɗaga kifin ta shinshina ta ajiye ta wuce, ko tayi ba ta yi ba. Rabin kuɗi na sayar da wanda ya sayu, sauran aka binne.

Baba Direba (Kwangila): Alhaji, a yi mana adalci. Daga Legas zuwa nan ya haura kilomita 800. In tirela ta maƙale a Jebba ko Mokwa kwana biyu, janareton yana ta shan gas, kuma mai kaya na kwana uku kacal ya bayar, da me direba zai cika? Da yawu?

Alhaji Mai Kifi: Baba, ban ce duka ba. Shi ya sa yanzu nake ba da gas har da ƙari, in sa yarona a gaban mota. Kuma ina jefa wata 'yar na'ura cikin kaya, ba ta kai girman waya ba, tana rubuta sanyin kowane lokaci. In an sauke a jona ta a kwamfuta, ta faɗi ranar da aka kashe inji da ƙarfe nawa ne. Tun da na fara haka musu ya ƙare. Hajiya ki riƙe wannan, ko ina za ki tura.

Ɗan Apapa: Ƙari a kan na Alhaji: rifa ba firiza ba ce. Sanyin da kaya ya shigo da shi take riƙewa. In kika kwaso attaruhu daga fadamar Galma da zafin rana a jikinsa kika loda, gumi zai yi a ciki ya ruɓe. Sai an fara sanyaya shi a ɗakin sanyi. Iskar kuma daga ƙasa take hurowa, akwai jan layi a bango wanda lodi ba ya wucewa, kuma a kwali mai huji ake zubawa, ba a buhu ba.

Malamin Samaru: Mu yi lissafin kwanaki. Attaruhu in an ba shi duk abin da yake so, sati biyu zuwa uku yake yi. Hanya kwana biyu ko uku, jiran jirgi a tashoshin ruwan Legas, Apapa ko Tin Can ko Lekki, sannan tafiyar ruwa da kan ci sati uku ko fiye, don sau da yawa sai an sauya jirgi a Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen. Ya mutu kafin ya ga Ingila. Doya da citta su ne ke jure tafiya, in an bar su sun sha iska fatarsu ta warke. 'Yan Ghana sun daɗe suna tura doya a kwali daga Tema. Mu a 2017 aka yi bikin fara fitar da doya zuwa Ingila da Amurka, daga baya jaridu suka ruwaito wadda ta isa ta lalace.

Hajiya Mai Kayan Miya: Innalillahi. To kifin fa?

Ɗan Apapa: Ki cire shi a lissafi tukuna. Ingila ba ta karɓar kifi sai daga masana'antar da ke cikin jerin waɗanda ta amince da su. Amurka ma ta rufe ƙofa ga tarwaɗarmu tun 2018. Kilishi da dambun nama kada ma ki fara. Busasshen wakenmu Tarayyar Turai ta hana shi tun 2015 saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa.

Takardu kuma: rajistar kamfani a CAC, rajistar mai fitar da kaya a NEPC, fom ɗin NXP ta bankinki, takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, in kayan sarrafaffe ne kuma NAFDAC. Ki yi inshora, amma ki sa a karanta miki sharuɗɗan, don akwai wadda ba ta biyan asarar sanyi sai inji ya tsaya awa 24 a jere. Shi ma ƙanin maigidan ya samu ejan, wato wakilin da zai fito masa da kaya daga tasha, a can tun kafin jirgi ya tashi, domin rifa in ta kwana a tasha ana cajin wuta da na ajiya kullum.

Wani Ɗan Giwa: Ba ga tashar tsandauri a Kaduna ba, ga ta Funtuwa, ga ta Dala a Kano? Me ya kai mu Legas?

Ɗan Apapa: Suna rage wahalar takardu da kwastam, musamman ga riɗi da zoɓorodo da busasshiyar citta. Amma kwantenar dai sai ta gangara teku. In rifa ce, a fara zuwa a tambaya ko akwai wurin jona wuta, a gani da ido.

Maman 'Yan Biyu (Kofar Doka): Hajiya, ni ƴar ƙaramar shawara gare ni. Ƴaƴana na can, abin da suke roƙo kullum kuka ce da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da daddawa da garin yaji. Ki shanya attaruhun a kan leda mai tsabta, ba a gefen kwalta ba, ki niƙa, ki ɗaure. Wannan ba ruwansa da janareto. Ɗanyen kuma ki gwada kwali biyar ta jirgin sama daga Kano ko Legas, ki ga ko shagon zai iya sayar da shi da riba.

Alhaji Mai Kifi: Kwali biyar ɗin ma shi zai biya kuɗin jirgi, Hajiya. Kada surukuta ta sa ki ɗauki nauyin da ba naki ba.

Hajiya Mai Kayan Miya: Hhhh Alhaji kamar ka san shi. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Doya da citta zan jira sai mun haɗu mu huɗu ko biyar. Malam, tunda sanyin da suke so ya yi kusa, za su iya shiga kwantena ɗaya?

Malamin Samaru: Doya ta fi son sama kaɗan, wajen 15 zuwa 16, kuma citta ba za ta ƙi hakan ba in tafiyar ba ta yi tsawo ba. Ki turo mini hoton doyar in ga ko sabuwa ce, don sabuwar doya ba a tura ta.