Ina ma'aikacin lafiya zai samu horo mai zurfi kan lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai?

Nas a sashen yara, Kano:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, kuma abin da ke damuna shi ne yaron da nauyinsa ya dawo, kumburi ya saɓe, amma har ranar sallama ba ya kallon idon uwarsa, ita kuma tana zaune ta yi tagumi, tana ba shi madara kamar aikin dole. A cikin matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don kula da tamowa mai tsanani akwai wasa da yaro da nuna masa kulawa, amma ba a zurfafa mana a wannan fannin ba a makarantar jinya. Ina ake koyon wannan aiki da gaske?

Likitan ƙwaƙwalwa, Tarauni:
Wa alaikumus salam, Sista. A ƙasar nan, fara duba cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa. Tana ba da digiri na biyu ga likitoci da nas-nas da sauran ma'aikata. Sai dai karatunta ya haɗa har da matasa. Idan jarirai kawai kike nufi, Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu tana da digiri na biyu a kansu.

Ki sani cewa ginshiƙin horon shi ne lura. Tun 1948 masaniyar halayyar yara Esther Bick ta ɓullo da tsarin a asibitin Tavistock da ke Landan: ɗalibi yana zuwa gida ɗaya sa'a guda a kowane mako har shekara biyu, ba ya ba da shawara, yana kallon yadda ake shayarwa da wanka da rarrashi, sannan ya rubuta abin da ya gani, a tattauna da malami. Duk kwas ɗin da babu babba mai bibiyar aikinki a cikinsa, takarda kawai zai ba ki.

Ungozomar asibiti, Fagge:
Kafin Allah Ya buɗe hanyar karatu, 'yar'uwa, ki fara ta kan uwa. Ma'aunin Edinburgh na 1987 tambayoyi 10 ne kacal da ke nuna alamun ciwon damuwa bayan haihuwa, kuma mai jego da yawa ba za ta ce tana cikin damuwa ba, sai dai ta ce zuciyarta ba daɗi ko barci ya ƙaurace mata.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a, Gwale:
Likita ya yi gaskiya, amma ina jan hankalinmu ga abu guda. Yawancin ma'aunan da ake duba shaƙuwar uwa da jariri da su an gina su ne a kan uwa ɗaya da jariri ɗaya a Turai da Amurka. A nan kuwa, uwa mai alkunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukarta, kuma wanda bai san al'ada ba zai rubuta cewa babu shaƙuwa, alhali da dare ita ke goya shi har ya yi barci. Haka kuma a lokacin yaye ana kai yaro gidan kaka, sai ka ga ya daina cin abinci ko ya yi shiru, kuma wannan yana buƙatar a lura da shi sosai. Saboda haka, Sista, idan kin tafi karatu, ki nemi a bari ki yi lurarki a gidan Bahaushe, kuma ki sa kaka da yayyen yaron cikin abin da kike rubutawa.