Tambaya ga kafintoci: ƙugiyar da na lanƙwasa ta ƙi kama katako a ramukan benci

Ɗan Na'ibawa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Akwai matsalar da ta hana ni sakat mako biyu ke nan, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya taɓa shiga irinta.

Shekarata 14 ina aikin kafinta a Kano, galibi ƙofofi da tagogi da gadaje. Yadda na taso na gani a wajen maigidana, in za ka goge katako sai ka buga ɗan guntu da ƙusa biyu a kan benci ya tokare shi. In ramin haɗi za ka sassaƙa kuwa, yaro ne zai hau ya zauna a kai, ko ya danne da hannu. Haka nake yi har watan jiya. Ranar muna aikin wata ƙofa ta maɗaci, yaron shagona ya danne katakon gefe ina sara da cizal, katakon ya mirgina, cizal ya zame ya tsaga masa tsakanin babban yatsa da manuni. Ɗinki huɗu aka yi masa. Ɗan ƙanwata ne, amana aka ba ni. A daren ban runtsa ba, kuma na ɗauki alkawari hannun mutum ba zai ƙara zama abin danne katako a shagona ba.

Sai na haɗa sabon benci da maɗaci, tsawonsa ƙafa 7, kaurin samansa inci 2 da rabi bayan an goge. Na ga wani bidiyo a YouTube inda wani Bature ya huda ramuka jere a kan bencinsa, yana zura wani ƙarfe mai siffar lamba 7, kamar ƙugiya, ya buga masa guduma sau ɗaya, katako ya kafe kamar an dasa shi. Ni ma na huda nawa ramukan da bakin abin huda mai milimita 19, tazarar inci 4 tsakaninsu. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na yanko rodi mai milimita 16, na sa shi cikin bututu na lanƙwasa da ƙarfin tsiya, na shafa wa bencin baƙin mai ciki da waje saboda gara.

To ga abin da ke faruwa. In na buga, sai ya yi kamar ya kama, da na sara sau biyu ko uku sai ya ɗago. In na ƙara masa duka sai ya ci bakin ramin. Ramuka uku yanzu sun zama kamar ƙwai. Na tambayi na kanti, wanda ake kawowa daga waje, kuɗin da aka faɗa mini ya fi ƙarfina. Ina kuskuren yake? Ramin ne, ko ƙarfen? Kuma akwai wata dabarar matse katako a waɗannan ramuka da zan iya haɗawa da abin da ke kasuwarmu?

Baba Mai Zarto, Zariya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba yaron lafiya, ya tsare gaba. Shawarar da ka yanke ta yi, sai dai ka haɗa kurakurai uku a wuri ɗaya. Ni gidan maƙera na fito kafin in koma katako, don haka zan yi maka bayani ta ɓangarorin biyu.

Ka fara gane yadda abin yake kamawa. Ba nauyinsa ne ke danne katako ba, ba kuma cika ramin yake yi ba. Idan ka buga kansa, tafin, wato ƙarshen da ke danne aiki, ya sauka a kan katako ya tsaya, sandar kuma ta ci gaba da nutsewa, sai wuyan ya ɗan buɗe kamar baka da aka ja. Wannan jan shi ke karkatar da sandar a cikin rami: ta sama ta jingina da bakin ramin ta baya, ta ƙasa ta jingina da shi ta gaba. A waɗannan wurare biyu kaɗai take cizo. Duk abin da ya sa wuraren nan santsi ya kashe aikin, kai kuma baƙin mai ka zuba musu. Wannan shi ne na farko. Ka samu tsumma da fetur ka wanke cikin ramukan, ka bari su bushe, ka naɗa samfefa a jikin sanda ka ɗan goga. Daga yau mai ko fenti kada ya ƙara shiga ramin nan.

Na biyu, rodin gini. Zanen da ke jikinsa don ya kama siminti aka yi shi, a cikin katako kuwa magagari ne. Shi ya cinye maka baki. Ƙarfe mai sumul za ka nema, wanda kaurinsa bai kai ramin ba da kamar milimita ɗaya ko biyu. A ramin 19, in ka samu 18 ko 17 ka dace. In ba ka samu ba sai 16 mai sumul, zai yi aiki a kaurin bencinka, amma ramukan da za ka huda nan gaba ka yi su 18. In ka kawo shi gida ka goga masa samfefa mai kaushi a kewaye, kamar kana murɗa wuyan kwalba, kada ka bi tsawonsa. Zanen da ya kewaye sanda shi ke hana ta zamewa sama.

Na uku ban gani ba, amma na san haka yake, tunda a sanyi ka lanƙwasa cikin bututu. Ƙarfe in an sake shi yakan ɗan koma baya, sai kusurwar ta tsaya daidai sikwaya (digiri 90) ko ta wuce. Ana so ta gaza sikwaya kaɗan, yadda in ka zura shi bakin tafin ne zai fara taɓa katako, wuyan yana sama. Ka kai wa maƙeri tsayin inci 18 zuwa 20. Ya sa a wuta ya yi ja, ya lanƙwasa wuyan a hankali kamar wuyan raƙumi, ba karyawa ɗaya ba, hannun ya miƙa kamar inci 6 ko 7, yana sirancewa har zuwa baki, sannan ya daddale bakin a kan uwar maƙera ya yi faɗi kamar cokali. Sirancewar nan ita ke ba shi tsalle. Ka tsaya a kansa kada ya tsoma shi a ruwa. Maƙeranmu sun saba da fartanya da gatari, hannunsu da kansa yake kai ƙarfe kwarya. Wannan abin duka zai riƙa sha kullum, in ya yi tauri da yawa wata rana zai tsinke a wuya. A ajiye shi cikin toka ya huce don kansa.

A tafin ka manna 'yar fata da gam, don kada ya bar tabo a jikin aikin mutane. Ku da kuke Kano fata ba za ta yi muku wuya ba. Da gudumar katako ake bugunsa, sau ɗaya ko biyu. In za ka cire, ka bugi bayan sandar ta gefe, zai saki nan take.

Ramukan da suka lalace kada ka bar su. Ka fafe su su koma zagaye, ka cusa toshi na maɗaci da gam, ya kwana, ka sake hudawa.

Kafintan Yamai:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Abin da Baba ya faɗa babu na zubarwa. Wannan ƙarfe tsohon abu ne ƙwarai. An ga zanensa a jikin bango a garin Herculaneum na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, kuma wani kafintan Faransa, Roubo, ya zana shi a kan bencinsa a 1769. Sunan da Faransawa ke kiransa da shi ma'anarsa bara, wato shi ne yaron shagon da ba ya jin ciwo.

Amma ni ina ganin ba kowane aiki ne ke buƙatarsa ba. Shi daga sama yake dannewa, saboda haka in fuskar katako za ka goge gaba ɗaya zai tsaya maka a hanya. A nan turke da weji, wato guntun katako mai kauri a kai da sirancewa a wutsiya, sun fi shi, kuma ba za ka kashe ko dala ba.

Ka fere turaku daga ice mai tauri, kirya ko marke, daidai ramin, tsayin inci 4. A kan kowanne ka yanke gefe ɗaya ya zama shafaffe, ya ɗan sunkuya gaba kaɗan don ya riƙa tura katako ƙasa. Ka sa turke ɗaya a gaban katakon, ɗaya a baya, ratar da ta rage ka cike ta da weji biyu masu fuskantar juna, ka buga su su haɗu. Sirrin yana wajen gangaren wejin. Ni a tsayin santimita 20 nake ba shi bambancin santimita 2 tsakanin kai da wutsiya. In gangaren ya yi tsaye da yawa, tofar da shi zai yi da ka fara aiki. Turken ice kuma ko ƙarfen gogewa ya same shi ba zai dakushe ba, saɓanin ƙusa.

Abu ɗaya da masu bidiyon can ba za su gaya maka ba, don yanayinsu daban: turken da ka fere da damina zai yi sako-sako da hunturu har ya faɗa ta ƙasa, wanda ka fere da hunturu kuma a watan Agusta sai da guduma za ka fitar da shi. Ni da hunturu nake fere nawa da ɗan sauƙi, in yanka zobe daga tsohon tub na babur in ɗaura a wuyansa. Robar ce ke hana shi faɗawa. A kasuwar Katako ta nan Yamai ake ba ni guntayen tub ɗin.

Ka kuma kiyaye in wata rana za ka sayi turken kanti. Iri biyu ne suka fi yawa. Na Amurka inci uku bisa huɗu ne, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya. Na teburin kamfanin Festool na Jamus milimita 20 ne, tazarar ramukansa milimita 96. Turken 20 ba zai shiga raminka ba.

Mai Walda, Panteka:

Oga, ni ba kafinta ba ne amma kafintocin Kaduna da yawa ni nake haɗa musu irin waɗannan. Da girmamawa ga Baba, ƙugiya tana da iyaka. In injin da ke girgiza benci za ka ɗora, ko katakon da zai yini a matse ana jiran gam ya bushe, ni na fi yarda da noti.

Ka sayi dogon ƙarfe mai zare, M12, wato mai kaurin milimita 12, wanda notinsa ke cin sifana 19. Ka yanka inci 10. A ƙasa ka sa babbar wosha da noti, a ɗiga masa walda ya zauna. Ka zuro shi ta ƙarƙashin benci. A sama ka samu katako mai tauri, tsayin inci 8, ka tsaga masa doguwar kafa a tsakiya ƙarfen ya bi ta ciki. Baki ɗaya ya hau kan aikinka, ɗaya bakin ya hau kan guntun da kaurinsa ya yi daidai da aikin ko ya ɗara shi kaɗan. Notin sama a walda masa ɗan rodi ya zama hannu, ba sai ka nemi sifana ba. Ka matso da ƙarfen kusa da aikin, nesa da guntun, don ƙarfin matsin ya fi sauka inda kake so.

In kuma kana da ƙaramin kilam, wato abin matse katako, irin mai hannu mai zamewa a jikin ƙarfe, wanda faɗin ƙarfensa bai kai ramin ba, ka gurje ɗan tudun da ke wutsiyarsa, ka zare hannun, ka zuro ƙarfen ta ƙasa, ka mayar da hannun ta sama. Aikin minti biyar ne.

Baba Mai Zarto, Zariya:

Gaskiyarka ce ɗana mai walda, wajen gam da inji noti ya fi. Sai dai mai sassaƙa ramukan ƙofa yakan juya katako sau ashirin kafin azahar, in kowane juyi sai ya kwance noti zai gaji ya koma kiran yaro. Ya haɗa duka biyun. Ka dai tuna masa ya sa wa zaren ɗan guntun tiyo daidai inda ya ratsa ramin, in ba haka ba shi ma zai ci baki kamar rodin.

Ɗan Na'ibawa ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa na gode, Allah ya bar zumunci. Na dawo da labari.

Ban samu 18 ba, 16 mai sumul na samu. Na kai wa wani maƙeri, ya yi mini guda biyu. Kamar Baba yana wurin: yana gama na farko ya ɗauko shi da awartaki ya nufi ruwa, sai da na riƙe masa hannu. Na wanke ramukan da fetur har sau biyu, don tsumman farko baƙi ƙirin ya fito. Ukun da suka lalace na toshe na sake hudawa da 18, kuma a cikinsu ya fi kamawa da sauri. A na 19 ma yana kamawa, sai dai ya fi karkata.

Jiya na ɗora katakon gefen ƙofa, na sa ɗaya a kowane ƙarshe, bugu bibbiyu. Na sassaƙa ramuka shida bai motsa ba. Na kama katakon na jijjiga, bencin ne gaba ɗaya ya taso. Yaron yana tsaye a gefe, an cire masa zare shekaranjiya, na miƙa masa gudumar ya buga na biyun da kansa.

Weji ma na yanka, suna aiki wajen gogewa. Kirya ce ban samu busasshiya ba tukuna, da ragowar maɗaci na fere turakun, ɗaya har ya fara murƙushewa a fuska. Ɗan'uwa na Yamai, in na samu tsohuwar taɓarya da ta tsage, icenta zai yi?