"Yaro man kaza": har da wanda ke riƙe da gida?

Ɗan Gona: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke." Ɗan maƙwabcinmu ne ya sa na kawo ta. Shekararsa 17. Tun da ciwo ya kwantar da mahaifinsa, shi ke noman gonar gidan, shi ke ɗebo ruwa, shi ke raka ƙannensa makaranta, shi kuwa ya ajiye tasa. To akwai wata yarinya da yake so, a hanyar rijiya suke gaisawa. Da ya daure ya faɗa wa kakarsa, sai ta ce masa yaro man kaza. Tun ranar bai sake tayar da zancen ba. Shin karin maganar ta hau kansa?

Gwaggo: Wa alaikumus salam ɗana. Ta hau mana. Tsohuwar ba zaginsa ta yi ba. Nufin maganar shi ne ƙudurin yaro ba ya jure zafi, yau ya rantse zai mutu a kan abu, gobe ya manta. Ga uba a kwance, ga ƙanne, sannan a ɗora soyayya? Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Malam Mai Alli: Gwaggo, a gafarce ni, amma ni ina ganin karin maganar shaida take ba yaron nan. Mece ce rana a cikinta in ba wahala ba? Wanda ake nufi shi ne wanda da an matsa masa kaɗan sai ya zube. Wannan kuwa ranar ta dake shi, damina ta zo ta wuce a kansa, bai narke ba. In lokacin ɗaukar fartanya ne sai a ce masa babban wa uba, in ya zo da maganar zuciyarsa kuma sai ya koma yaro. Wannan ne ke min ciwo. Kuma irinsa suna da yawa. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2021 ya ce a faɗin duniya yara miliyan 160 ne ke aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu, kashi 70 cikin 100 a harkar noma, mafi yawansu kuma a gonar gidansu. Mu da muke aji mun san yadda abin ke farawa: fashin kwana ɗaya a mako lokacin shuka, sai biyu, sai ka ga benci ba kowa.

Uwar Biyu: Malam, ɗaukar nauyi daban, hangen nesa daban. Yaro zai iya nome gona tsaf amma bai san abin da alkawari ke jawowa ba. Masana ma sun ce ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon abu ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ga shi kuma an ce so hana ganin laifi. Sannan duk kun manta da yarinyar. Shekararta nawa? Tana karatu? In magana ta yi nisa alhali ba shi da abin riƙe ta, ita za ta fi kwana ciki.

'Yar Karkara: Yaya, gaskiyarki game da yarinyar. Amma bari in faɗi abin da na gani da idona a irin waɗannan gidaje. Yaron da ke riƙe da gida kowa tambayarsa yake: ka gama huɗa? ka sayo maganin Baba? Ba mai ce masa ya gajiya. Ranar da wata ta lura da kantar da ke tafin hannunsa, ko ta ga ya yanke a yatsa ta ce bari in ɗaure maka, ai shi ke nan, ta shiga ransa. Ko so ne na gaske, ko wurin sauke numfashi ne kawai, shi kansa ba zai iya rabewa ba yanzu. Shi ya sa nake jin tsoron a rufe masa baki. Wanda aka hana faɗa a gida zai ci gaba da abinsa a ɓoye, kuma can ne ake yin ɓarnar da Yaya ke gudu.

Malam Mai Alli: Akwai kuma batun wurin da ake faɗar maganar. Yadda na taso na ji ta, uzuri ake nema wa yaro da ita. Ya yi wauta, wani babba ya fusata, sai a ce bar shi, yaro man kaza ne. Babba ake gaya wa, don ya sassauta. Da wuya ka ji an dubi idon yaro an jefa masa ita a lokacin da ya kawo kukansa.

Gwaggo: Wannan kam na yarda, Malam, an faɗe ta a inda bai dace ba. Da ni ce, zan zaunar da shi in tambaye shi 'yar gidan wa ce, me ya gani a wurinta, in bar shi ya gama maganarsa. Amma bayan ya gama, abin da zan ce masa bai sauya ba: ya dakata tukuna. Ba don sonsa ƙarya ne ba, don hannunsa a cike yake.

Ɗan Gona: Na gode ƙwarai. Gwaggo, shi ma bai ce aure yake nema yanzu ba, so yake a sani kawai.

Uwar Biyu: To ɗan'uwa, tunda kana kusa da su, ka samu kakar ka gaya mata haka, cikin ladabi. Sannan ku maƙwabta ku duba ko za ku karɓar masa aikin gonar ko da kwana biyu a mako ya koma aji. Aji nawa ya tsaya?