Wane irin azumi ne ya dace da mai ciwon suga da ke son rage ƙiba?

Ɗan Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana zaune a ƙauyenmu cikin ƙaramar hukumar Ringim, tana da ƙiba, kuma an tabbatar mata da ciwon suga a asibiti, aka ɗora ta a kan metformin da glibenclamide. Yanzu kanmu ya rabu a gida. Ƙanena ya gani a Facebook cewa idan mutum ya ƙaurace wa abinci awa 16 a kowace rana, ya ci a cikin sauran awa 8, kitse zai narke kuma suga zai sauka. Yayarmu kuwa ta ce ba sai an je nesa ba, azumin Litinin da Alhamis ya wadatar, ga lada ga lafiya. Inna ta bi maganar Yaya, amma ranar da ta gwada, kafin la'asar jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙe mata riga, sai da aka ba ta kunu mai sukari ta dawo hayyacinta. Shin waɗannan duk abu ɗaya ne, kuma wanne ya dace da ita?

Ma'aikaciyar jinya daga Kazaure ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Abin da ya same ta alama ce ta faɗuwar suga, kuma ina kyautata zaton glibenclamide ne sanadi, domin aikinsa shi ne tilasta wa jiki fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba. Saboda haka kada ta sake ɗaukar kowane irin azumi sai ta koma wurin likitan da ya rubuta mata maganin, ya duba ko zai rage shi, ko ya sauya lokacin sha, ko ya musanya shi da wani.

Tsarin da ƙanenka ya gani ya bambanta da azumin ibada ta fuska mai muhimmanci: mai yin sa yana shan ruwa duk yini, kuma yawancin awa 16 ɗin cikin dare suke faɗawa, misali a ci tuwon dare da ƙarfe 6, sannan a karya da ƙarfe 10 na safe. Akwai kuma masu cin abinci yadda suka saba kwana 5 a mako, su taƙaita shi sosai a kwana 2. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa waɗannan hanyoyi suna rage nauyi, amma ba su fi rage yawan abinci a kullum da wani abin a zo a gani ba. Shi kuwa azumin ibada babu ruwa a cikinsa, kuma a zafin Afrilu irin namu, ƙishirwa ga mai ciwon suga tana iya taɓa ƙoda.

Ku nemi na'urar awon suga ku ajiye a gida. Idan ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, a ma'aunin da ake rubuta wa mg/dL a jikin na'urar, wajibi ne a karya azumin nan take. Idan ƙasa ya yi, a dama ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa a ba ta, a sake aunawa bayan minti 15.

Malamin Islamiyya daga Dambatta ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne, azumin Litinin da Alhamis nafila ne, kuma ibada ce da ake yi da niyyar neman yardar Allah, ba a shar'anta shi a matsayin magani ba, ko da yake jiki na iya amfana. Idan Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a azumin Ramadan kansa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185, to ina ga nafila? Ku lallashi Hajiya da wannan, domin dattawanmu sukan ji nauyin barin abin da suka saba. Kuma huda yatsa don awon jini ba ya karya azumi.

Wata uwa daga Gwarzo ta amsa:

Ni ina ganin an bar babbar matsalar a baya, wato abin da ake ci bayan an sha ruwa. Mu a nan mace za ta wuni ba ta sa komai a baki ba, da magariba ta yi sai a jera mata kunun tsamiya mai zaƙi, da ƙosai, da zoɓo ko lemon kwalba, sannan a biyo da malmalar tuwon shinkafa biyu. Wace ƙiba ce za ta ragu a haka? Ni ma ina da ciwon, kuma abin da ya taimake ni shi ne rage malmala zuwa ɗaya, da cika kwano da kwaɗon zogale ko rama, da wake, da shan fura ba sukari, da tafiya gona a ƙafa da sassafe. Ɗan'uwa, idan za ku kai Inna asibiti, ku tafi da magungunan a ledarsu, kuma wanda ke dafa mata abinci ya bi ku, don ya ji bayanin da kunnensa.