Neman kalma: rufa-idon da ke barin tabo

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara wa abokan wasana dokokin Dungeons & Dragons, wasan teburi da ake yi da labari da jefa dayis, bugun 3.5 na 2003, kuma ran Asabar za mu zauna. Na maƙale a "illusion". Da farko na sa rufa-ido, sai na iso reshensa mai suna "shadow", wato inuwa, wanda ke kwaikwayon wasu nau'o'in sihiri. Matsafi zai ɗebo wani abu daga Duniyar Inuwa ya ƙera dunƙulen wuta na bogi. In ka yarda wuta ce, ta ƙone ka sarai. In ka jefa dayis ka gano ta bogi ce, har yanzu kashi 20 cikin 100 na ɓarnar zai same ka. A babban samfurinsa ma kashi 60 ne. Wane irin rufa-ido ne wannan?

Yar_Aji: Dabo mana.

Mai_Fassara: Dabo saurin hannu ne, Yaya. Wannan kuwa akwai gaskiya a cikinsa.

Tsohon_Alƙalami: Kawalwalniya. Na daɗe ina faɗa, mu ce kawalwalanci. Ka hango ruwa, ka isa, babu.

Yar_Aji: Malam, ai nan gizo ke saƙar. Kawalwalniya ba ta jiƙa ƙafa. Wannan ko ka gane shi sai ya taɓa ka. Ni dai sihirin inuwa.

Tsohon_Alƙalami: Sihiri Larabci ne. Kullum aro! Sai ka ce Hausa ba ta da tsafi, ba ta da siddabaru.

Mai_Sauraro: Alƙalamin da ke sunanka fa, Malam? Ai shi ma daga Larabci yake. Kalmar da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna furtawa ta zama tamu.

Tsohon_Alƙalami: Yaro, ba gardama nake ba. Takaicina shi ne in ba mu ƙera namu ba, gobe 'ya'yanku "ilushan" za su ce.

Mai_Sauraro: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma kalmar da sai an yi mata bayani a teburi ba za ta kai mako ba.

Mai_Fassara: Na gode muku. Rufa-ido zai zauna a kan duka fannin, reshen kuma rufa-idon inuwa. Hoton da ba ya taɓa kowa, kamar bangon ƙarya da za ka ratsa ta cikinsa, shi na ba kawalwalniya.

Tsohon_Alƙalami: To. Inuwar ba ta kwanta mini ba, amma je ka gwada. Ka dawo ran Lahadi ka faɗa mana wadda bakinsu ya kama.